Kwano Biyu



Da shugaban zumunta ya ce wannan karon ni zan rubuta a kan fushin Allah da ƙaunarsa, na ce masa ya nemi wani. Ga waɗanda suka je makarantar Littafi Mai Tsarki, ga 'ya'yan fastoci, me zai sa a ɗora wa mai awon hatsi? Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa ya zo wurina. Ya san labarina, domin na taɓa ba da shaida a taron matasa. Amma a ranar rabi na faɗa, rabin da ba ya ba ni kunya. Yau zan faɗi sauran.

Ina da shekara 11 a ƙarshen watan Satumba na 2007. Muna zaune a Tudun Wadar Dankadai, Baba yana gyaran keke da babur, Mama tana ɗinki. Ana cikin azumin Musulmi, saboda haka ɗakin Mama cike yake da yaduka, kowa ya kawo ɗinkin Sallah. Sai magana ta yaɗu cewa wasu ɗalibai Kirista sun yi zanen ɓatanci. Kafin mu gane abin da ake ciki, hayaƙi ya tashi. Manyanmu sun san abin da ya biyo baya: aka ƙone majami'u, aka fasa shaguna da gidaje, aka kashe mutane, sauran suka watse.

Maƙwabcinmu mahauci ne, Musulmi. Shi ya tura mu ɗakin uwargidansa, ni da Mama da ƙannena biyu, ya fita ya zauna a bakin zaure da carbi a hannu. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ba kowa a ciki sai iyalinsa. Da gangan na sa wannan tun a farko, don kada wani ya karanta abin da ke ƙasa ya ɗauka kowa da kowa nake nufi. Ni ma a lokacin na san ba kowa ba ne. Daga baya ne na zaɓi in manta.

Ta wata kafa a jikin taga na hangi ƙofar gidanmu. Na ga wani mutum da na sani, wanda kwana uku kafin nan ya kawo wa Mama yadin 'ya'yansa, ya fito da kan keken ɗinkinta a kafaɗa. Bai yi gudu ba. Tafiya yake yi a hankali, kamar wanda ya sayo kayansa a kasuwa. Wannan tafiyar tasa ta fi hayaƙin zama a raina.

Muka koma ƙauyen Kawu a ƙasar Doguwa, gaba da dajin Falgore. Baba bai sake komawa daidai ba. Hawan jini ya kama shi, ya rasu a 2012.

Akwai wata Lahadi, ba da daɗewa da komawarmu ba, da wani baƙon mai wa'azi ya hau bagade ya ce abin da ya same mu fushin Allah ne saboda zunubanmu. Baba, wanda ban taɓa ganin ya fita kafin a sa albarka ba, ya ɗauki hularsa ya fita. Sai bayan shekaru na karanta Luka 13, inda aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da na mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam. Ya ƙi yarda a ce waɗannan sun fi sauran mutane zunubi. Ya juya maganar kan masu tambayar, ya ce su tuba. Da ma wannan baƙon ya karanta wurin kafin ya zo. Har yanzu muna da wannan hali a ikilisiya: ruwa ya cinye gonar wani, ko mota ta kife a hanyar Falgore, sai ka ji ana raɗa cewa akwai abin da ya yi. Muna saurin karanta fushin Allah a gidan wani.

Ni kuwa ta wata hanya na ɗauki maganar. Ban yarda Allah yana fushi da mu ba, amma na yarda da zuciya ɗaya yana fushi da su. A makarantar Lahadi yara suna haddace Yahaya 3:16, ni ina laluben Zabura 109 da Zabura 94. Ranar da na gano littafin Nahum, sai na ji kamar na tsinci kuɗi. Babi uku kacal, kuma kusan duka a kan yadda Allah zai ragargaza Nineba ne. Nakan karanta da dare da fitilar hannu, duk inda na ga Nineba in sa fuskar mutumin nan mai keke a kafaɗa. Idan kun gan ni a lokacin, za ku ce ga yaro mai son Maganar Allah. Ana ma yaba mini a gaban sauran yara.

Haka na raba Allah gida biyu. Ƙauna tamu ce, fushi nasu ne.

A 2016 Kawu ya fara ba ni kuɗi in riƙa sayo masa masara a kasuwannin ƙauye da kaka. Waɗanda suka san ƙasarmu sun san yadda masara take a Doguwa da Tudun Wada: da an fara girbi, mata da tsofaffi su ne ke fara fitowa da 'yar kaɗan, kwano biyar, kwano goma, don su sayi gishiri da sabulu ko maganin yaro. Mai awo ya shimfiɗa buhu ya zauna, ya tara kwano arba'in ya ɗinke. To, ni kwano biyu nake da su. Ɗaya na gaskiya. Ɗayan na kai shi bayan gida na kife a kan turmi, na bubbuga gindinsa da guduma a hankali har ya buɗe. Da ido ba za ka gane ba. Amma da shi, kwano talatin da bakwai ya cika buhu. Ukun da suka rage nawa ne, Kawu ma bai sani ba.

Kuma ina da doka. Idan na san mai masara Kirista ce, in ɗauko na gaskiya. Idan ba Kirista ba ce, in ɗauko ɗayan. Ban kira shi sata ba ko sau ɗaya. Diyya nake kiransa. Har aya na samo wa kaina, ta Fitowa 12, inda Isra'ilawa suka fita Masar da zinariya da azurfar Masarawa. 'Yan'uwa, ba abin da zuciyar mutum ba za ta iya samo wa aya ba. Kaka biyu na yi ina wannan, ina shiga ƙungiyar mawaƙa, ina ba da zakka daga cikin ribar.

Mama ce ta kama ni. Zumuntar mata za su yi taro, aka ce kowace ta kawo shinkafa kwano biyu. Ta shiga ɗakina ta ɗauki kwanon da ta fara gani. Tela ce, idonta ya saba da awo. Da na dawo da yamma na same ta zaune a tabarma, kwanonin nan biyu a gabanta, da ƙwaryar masara a gefe. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta cika ƙaramin ta share bakinsa, ta juye a babban. Masara ta tsaya ƙasa da baki da kusan yatsa biyu. Ta ɗago ta dube ni.

"Wanne ne naka?"

Na ce duka nawa ne. Ta ce, "Wa kake auna wa da wannan?" Da na ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai na faɗa mata, har da dokar tawa. Ina faɗa ina jin kamar za ta fahimta. Ai kekenta ne. Ai mijinta ne ya mutu.

Mama ba mai faɗa ba ce. Ranar da aka fasa gidanmu ban ji ta zagi kowa ba. Amma a wannan yammacin na ga abin da ban taɓa gani a fuskarta ba. Jikinta yana rawa. Ta ce, "Tsohuwar nan da ke tahowa daga ruga da kwano biyar a ka, ita ta ƙone coci? Ita ta shiga ɗakina?" Na yi shiru. Ta ce, "Keke suka ɗauka, na yi kuka na share hawayena. Ashe har da ɗana suka tafi ban sani ba."

Ta ce daga ranar ba za ta ƙara cin ko ƙwayar hatsi da aka saya da kuɗina ba. Kuma ta cika. Cefanen da na kawo ta mayar mini ɗaki. Kwana tara ba ta yi mini magana ba sai abin da ya zama dole. Amma ga abin da ya hana ni barci: kowane dare in na dawo, tuwona yana nan a rufe a inda ta saba ajiyewa, daga hatsin 'yar gonarta, da miya da zafinta. Da asuba kuma ina jin ta ta bango tana kiran sunana a gaban Ubangiji tana kuka. Macen da ba ta iya duban fuskata da rana, ita ce ke roƙo a kaina da dare. Na yi ta neman in gane wacce ce Mama ta gaskiya a cikin biyun, mai fushin ko mai tuwon. Na daɗe kafin in gane tambayar ce ba daidai ba. Da ɗan maƙwabta ne ya buɗe kwano, da ta ce Allah ya shirya ta wuce. Don ni nata ne jikinta ya yi rawa.

A cikin kwanakin nan ta turo ƙanwata da 'yar takarda, ba gaisuwa, sai wuraren karatu. Maimaitawar Shari'a 25:13-16, inda aka hana mutum ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami, aka kuma ce mai yin haka abin ƙyama ne ga Ubangiji. Karin Magana 20:10. Amos 8, inda Allah ya yi rantsuwa ba zai manta da aikin masu tauye mudu suna tattake matalauta ba. Na duba ko akwai inda aka ce sai in mai hatsin ɗan'uwa ne a bangaskiya. Babu.

A nan ne tsoro ya kama ni. Shekara tara ina kiran wuta ta sauko, ban taɓa tunanin ta san hanyar ɗakina ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wani. Mutumin nan ya ɗauki keke sau ɗaya, a ranar da gari ya haukace. Ni kuwa da hankalina, da guduma, kowace ranar kasuwa, kuma daga hannun waɗanda ba su da mai tsaya musu. Idan Allah na Nahum gaskiya ne, to ina cikin Nineba. Na daina cin Jibin Ubangiji. Na daina zuwa koyon waƙa. Wani dare hadari ya taso da tsawa, na tashi zaune ina jiran ta faɗo a kaina, ni da gemuna.

Kakata ta wajen uba tana da rai a lokacin. Bamagujiya ce ta asali, daga wajen Bebeji. Ta karɓi bishara a farkon shekarun 1970, lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, ta bakin wani mai bishara da ke yawo a kan keke. Ba ta iya karatu ba har ta mutu, amma ban san wanda ya fi ta gane wannan magana ba. Da ta ga na rame ta ce, "Maigida, me ke cin ka?" Haka take kirana, da yake sunan mijinta aka sa mini. Na ce Allah yana fushi da ni. Ta ce, "To, madalla."

Na ɗauka tsufa ne. Sai ta ba ni labarin da na sha ji amma ban taɓa saurara ba. Ta ce a gidan ubanta Inna suke wa tsafi, wadda wasu ke kira Doguwa, mai tsaron gona da rumbu. Idan ta yi fushi sai ta shanye wa yaro ƙafa ko hannu, shi ya sa har yau ake cewa shan inna. Ba ka sanin ranar da za ta yi fushi, ba ka sanin dalili. Sai a je wurin mai duba, ya ce akuya take so, a yanka, a zuba jini, a jira a gani. Ta ce, "Fushinta ana sayensa. In kana da akuya ka huta, in ba ka da ita ka shiga uku. Kuma ko ka cuci maraya ba ruwanta, in dai ka ba ta nata. Amma ban taɓa jin an ce Inna ta yi kuka saboda wani ba." Ta ce abin da ya ja ta zuwa ga Yesu shi ne ta ji labarin Allahn da ke fushi saboda an cuci gwauruwa, ba saboda an manta da akuyarsa ba, wanda kuma da lokacin yanka ya yi bai ce a kawo ba, shi ya kawo. "In yana fushi da kai, bai sallama ka ba ke nan. Tashi ka je wurin Fasto."

Na je. Na zaci zai yi mini dogon wa'azi. Ya saurare ni har na gama, sai ya ce tun da ina son Nahum haka, in je in karanta shi tare da Yunusa a zama ɗaya, in dawo jibi. Babi bakwai ne duka, ba su kai awa ɗaya ba.

Ban taɓa lura cewa littattafan nan biyu a kan gari ɗaya suke magana ba. Nineba babban birnin Assuriya ne, kangonsa yana nan a gefen Mosul a ƙasar Iraƙi ta yau, kuma Assuriyawa sun yi suna wajen rashin tausayi a yaƙi. Su ne suka kwashe mutanen mulkin arewa na Isra'ila. Yunusa yana da dalilin ƙin su, dalilin da ya fi nawa. Allah ya aike shi, ya gudu. Kuma ba tsoron su ya sa shi gudu ba. A babi na 4 ya faɗa da bakinsa cewa ya gudu ne don ya san halin Allah, ya san in suka tuba zai yafe. Ya fita bayan gari ya yi 'yar rumfa ya zauna yana jiran ya ga wuta. Da na kai nan na ajiye littafin. Ni ne wannan, zaune a rumfa tun ina ɗan shekara 11.

Nahum ya zo bayan fiye da shekara ɗari. Nineba ta koma halinta na zubar da jini, sai Allah ya ce ya isa. Birnin ya faɗi a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu, bai sake tashi ba. Abin da Fasto ya nuna mini da na koma shi ne, annabawan nan biyu daga rijiya ɗaya suka ɗebo ruwa. Dukansu suna tuna abin da Allah ya faɗa wa Musa game da kansa a Fitowa 34:6-7, cewa shi mai jinƙai ne, mai jinkirin fushi, mai gafara, wanda kuma ba ya ƙyale mai laifi. Yunusa ya riƙe farkon maganar yana jin haushi. Nahum ya riƙe ƙarshenta yana ta'azantar da waɗanda aka zalunta. Amma magana ɗaya ce, daga baki ɗaya. Ya kuma nuna mini cewa littattafan biyu da tambaya suka ƙare. A Yunusa Allah yana tambaya ko bai kamata ya ji tausayin birni mai mutum fiye da 120,000 da dabbobi masu yawa ba. A Nahum ana tambaya ko akwai wanda muguntar Nineba ba ta taɓa ba. Fasto ya ce, "Ɗana, kai kana so ka amsa ɗaya ka bar ɗaya. Allah ya amsa duka biyun."

Na ce a ina? Ya buɗe mini Romawa.

Abu na farko da ya ba ni mamaki yana babi na 1. Bulus ya ce fushin Allah yana bayyana daga sama, sai na sa ran in ga tsawa da annoba. Amma abin da ya biyo baya, har sau uku, shi ne Allah ya sallama su ga abin da zuciyarsu ke so. Mu Hausawa mun san wannan. Duka ba shi ne ƙarshen fushin uba ba. Ƙarshensa shi ne ranar da ya ce na zare hannuna, na bar ka da duniya. Kaka biyun nan da kasuwa ke yi mini kyau, ba wanda ya kama ni, ina ƙirga riba ina cewa albarka ce, a lokacin ne nake cikin hatsari. Ranar da Mama ta ɗauki kwanon da ba shi ta nufa ba, jinƙai ne ya shigo ɗakina, ko da yake bai yi kama da jinƙai ba.

Na biyu yana babi na 3 da na 5. Allah bai ce a bar maganar kwano ba, kamar yadda ake sasanta rigima a gaban mai unguwa a ce kowa ya yi haƙuri. Da ya yi haka, da tsohuwar ruga ba ta da mai bi mata hakki. Bai kuma auna mini da kwanon da na auna wa mutane ba. Hukuncin ya sauka, amma a kan gicciye ya sauka, tun muna maƙiyansa. A nan ina so in gyara wani abu da nakan ji a bakin matasa, har a cikin wasan kwaikwayon da muke yi na Ista: kamar Uba ne mai zafin rai, Ɗa kuma mai sanyin hali da ya shiga tsakani ya ba shi haƙuri. Ba haka Littafi ya ce ba. Uban ne ya ba da Ɗan saboda ƙauna, kuma 2 Korantiyawa 5:19 ta nuna Allah ne da kansa a cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa. Yesun ma ya yi fushi. A Markus 3, da ya ga mutane sun fi son dokarsu a kan mai shanyayyen hannu, ya dube su da fushi, kuma a cikin ayar nan ɗaya aka ce yana baƙin ciki saboda taurin zuciyarsu. Fuskar Mama ke nan a kan tabarma.

Na uku shi ne wanda har yanzu nake koyo, Romawa 12:19-21. Kada mu rama, mu bar wa fushin Allah wuri. Da can ina ɗauka masu cewa a yafe suna nufin abin da aka yi mana ba komai ba ne. Shi ya sa nake jin haushinsu. Amma Bulus bai ce ba komai ba ne. Cewa ya yi akwai mai shari'ar, kuma ba ni ba ne. Fasto ya ba ni labarin wani malamin tauhidi ɗan ƙasar Kuroshiya, Miroslav Volf, wanda yaƙi ya ɗaiɗaita ƙasarsa a shekarun 1990. Shi ma ya kai ga cewa mutumin da aka ƙone wa gida ba zai iya ajiye makami ba sai ya tabbata Allah zai yi shari'a. Wannan na gane shi sarai. Da a ce Allah ba ya fushi, da waɗanda aka kashe a 2007 sun tafi a banza, da hawan jinin Baba ba wanda ya rubuta shi, da kuwa ba abin da zai raba ni da gudumata. Yakubu 1:20 ta ce fushin mutum ba ya aikata adalcin Allah, kuma ni shaida ne. Nawa fushin bai taɓa samun mutumin da ya ɗauki keke ba. Tsofaffi ya samu.

Fasto bai bar ni da karatu kawai ba. Ya tuna mini da Zakka mai karɓar haraji. Ninki huɗu ya fi ƙarfina, amma muka zauna muka ƙirga buhunan da na saya a kaka biyu, kwano uku uku. Na sayar da babur ɗina. Na faɗa wa Kawu, wanda ya yi wata biyu bai ba ni ko sisi na awo ba, kuma da gaskiyarsa. Na bi ƙauyuka da masara ina neman waɗanda na iya tunawa.

Kada ku ɗauka abin ya yi daɗi kamar a fim. Wani ya karɓa ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ni, ya rufe ƙofa. Wasu samari suka yi ta dariya suna cewa arne ya ji tsoron Allah. Da yawa ban same su ba, nasu na kai wa mai gari ya raba wa mabukata. Tsohuwar ruga kuwa, wadda Mama ta ambata, na tarar ta rasu da bazara. Jikarta na ba wa. Ta tsaya tana kallona, ba ta gane abin da nake faɗa ba, ni ma na kasa maimaitawa. Wannan ba ta gyaruwa. In ba don gicciye ba, ban san inda zan kai ta ba.

Ranar da na dawo daga ƙauye na ƙarshe, na sayo gishiri da manja da kuɗin ƙwadagon da na yi. Na ajiye a ƙofar madafa ban ce komai ba. Da dare na ji ƙamshin manjan a miya.

Saura mutumin nan. Bara na gan shi a Kwanar Dangora, ina jiran mota. Ya tsufa, yana jan ƙafa ɗaya, da ledar magani a hannu. Ina so in ce muku na je na gaishe shi. Ban je ba. Ƙirjina ya buga, bakina ya bushe, na tsallaka titi na tsaya a bayan wata motar itace har ya wuce. Da na faɗa wa Mama, tana kan keken da zumuntar mata suka haɗa kuɗi suka saya mata, ba ta ko tsayar da ƙafa ba. Ta ce, "Yadin 'ya'yansa ma ya ƙone a ɗakin nan. Ko da me suka yi Sallah?" Shekara goma sha ba ta taɓa faɗa mini tana tunanin wannan ba.

Na daina karanta Nahum da fuskarsa. Na fara ambatonsa a addu'a, ko da yake wani lokaci da ƙyar kalmar ke fita, kuma ban ɓoye wa Ubangiji cewa har yanzu ina so a tambaye shi keken nan ba. Wanda na roƙa wa kaina, shi nake ƙoƙarin roƙa masa: a kama shi tun yana da rai, kamar yadda aka kama ni.

Mahaucin da ya ɓoye mu yana kwance ba lafiya, Mama ta ce ranar Asabar mai zuwa za mu je Tudun Wada mu duba shi. Ta dafa masa zabi biyu a ranta tun yanzu. Hanyar gidansa ta ƙofar wancan mutumin take bi, kuma an ce da yamma yakan zauna a waje. Mama ta ce za ta tsaya. Ku sa ni a addu'a ranar Asabar da misalin ƙarfe huɗu.

Babban kwanon yana nan a gidanmu. Na so in jefa shi a rijiya, Mama ta hana. Da shi take ba kaji ruwa.